Jinjina ga Ɗaliban Likita, Amma da Sauran Rina a Kaba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Maska ya san turu. Ko bai gan shi da idonsa ba, ya ji labarinsa a bakin manya. Gungumen icce ne da ake fafe rami a jikinsa, a zura ƙafar wanda hankalinsa ya taɓu, a datse da ƙarfe. Daga baya mari da sarƙa suka maye gurbinsa. Masu ɗaurewar kuwa galibi uwa ce da uba da 'yan'uwa, waɗanda suka gaji da bin sawunsa cikin dare, suna tsoron kada ya faɗa rijiya, ko ya kutsa gidan wani a yi masa dukan ɓarawo. A irin waɗannan gidaje, daga Funtuwa zuwa Bakori, daga Danja zuwa Malumfashi, aka haifi yaran da yau suke karatun likita a Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato. Kunnen da ya sha jin cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame, da shi suka shiga aji.

'Yar ƙanwata tana cikinsu. Yarinya ce da ta yi watanni tana feɗe gawa a ɗakin koyon sassan jiki ba ta girgiza ba, ta tsaya a kan mai naƙuda jini na zuba ba ta kau da kai ba. Amma ranar da aka ce musu za su fara zuwa sashen masu taɓin hankali, sai ta bugo wa uwarta waya ta ce a taya ta da addu'a. Uwar ta ce ta riƙa karanta Falaƙi da Nasi kafin ta shiga, kada ta yarda su haɗa ido, kada kuma yawun wani ya taɓa ta. Ina zaune aka yi wannan magana, ban ce uffan ba, domin abin da ke ran uwar shi ne a raina.

Da ta zo hutu bayan nan, sai aka dace wata yarinya a maƙwabta ta yi haihuwar fari. An yi suna lafiya. Kwana uku bayan suna barci ya ƙaurace mata, ta shiga surutu ba tsayawa, ta ƙi ba jaririn nono, ta ce ai ba nata ba ne, an musanya mata. Mutanen gida suka ce iska ce ta shige ta wajen wankan jego da magariba. Aka yi hayaƙi, aka ba ta rubutu, aka kira mai ruƙiyya ya yi kwana biyu yana karatu. Da abin ya ƙi, aka kulle ta a ɗaki, aka fara shawarar aiko da mari. 'Yar ƙanwata ta ɗauki mayafinta ta shiga gidan. Ta nemi izinin uwar mijin, ta sa aka buɗe ɗakin, ta zauna a tabarma ɗaya da mai jegon, ta yi mata barka da sauka lafiya kamar yadda ake yi wa kowace mai jego. Ta taɓa jikinta ta ji ko da zazzaɓi, ta auna jininta, ta tambayi yaushe rabonta da barci, ko biki na wari, ko ta taɓa yin irin haka a baya, domin ta koyi cewa ƙwayar cuta da ta shiga mahaifa bayan haihuwa ma tana rikita mutum har a zaci hauka ne. Sannan ta fito tsakar gida ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, kada a fasa addu'a. Amma wannan ciwo mun gan shi a asibiti, yana da suna, yana da magani, kuma ana warkewa. Kada a ɗaure ta. Kada a bar ta ita kaɗai da yaron. Gobe da sassafe mu kama hanyar asibitin Shika."

Aka tafi. Bayan 'yan makonni yarinyar ta dawo ɗakinta tana shayar da ɗanta, tana jin kunyar abin da aka ce ta faɗa. Likitoci sun ƙiyasta cewa a cikin haihuwa dubu, mace ɗaya ko biyu kan gamu da wannan taɓuwar, kuma tana daga cikin waɗanda suka fi jin magani idan an yi hanzari. Ka duba yawan haihuwar da ake yi a ƙauyukanmu a shekara, sai ka san mata nawa ne suka shiga mari a kan abin da makonni kaɗan a asibiti za su kawar.

Na tambaye ta abin da ya cire mata tsoron. Ta ce, "Kawu, ranar farko a bakin ƙofa na tsaya, hannuna a kan mariƙi. Sai na ga malaminmu ya jawo kujera ya zauna dab da wani dattijo, ya gaishe shi, ya tambaye shi ya damina, ya taki. Dattijon ya shiga ba shi labarin masararsa tiryan-tiryan. A nan na ga ashe Baba ne kawai ba shi da lafiya."

Yabon gwani ya zama dole. Ina jinjina wa waɗannan yara da suka shiga da tsoro suka fito da tausayi da sani, ina kuma jinjina wa malaman da suka jawo kujera suka zauna. Ba ƙaramin abu suka ci nasara a kansa ba. A shekarar 2005 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan mutum sama da dubu biyu a ƙasar Yarbawa, inda kashi 96.5 cikin ɗari suka ce mai taɓin hankali mutum ne mai haɗari. Shekara guda kafin nan, a 2004, wasu likitocin Kano sun wallafa nasu binciken, inda suka tambayi mutum 250 a garin Karfi na ƙaramar hukumar Kura (ba Karfin da muka sani a ƙasar Malumfashi ba, ko da yake ba na jin amsar za ta bambanta). Kusan kashi 34 cikin ɗari suka ɗora ciwon a kan shaye-shaye, wasu suka ce fushin Allah ne ko nufinsa, wasu suka ce sammu ne ko iskoki. Waɗanda suka ce asibiti za su kai mara lafiya ba su kai rabi ba. Cikin wannan ruwa ɗalibin likita ya yi wanka tun yana goye. Farar riga ba ta wanke shi. Zama da mara lafiya ne ke wanke shi. Wani bincike da aka yi a Ibadan, aka wallafa a 2015, ya kwatanta ɗaliban da ba su kai ga sashen ƙwaƙwalwa ba da waɗanda suka riga suka ratsa ta cikinsa, ya kuma samu na biyun sun fi sassauci wajen mu'amala da masu wannan lalura. Gani ya kori ji.

Malaman kuwa aikin da suke yi ya fi ƙarfin yawansu. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma kowace shekara wasu na haɗa kayansu su tafi Ingila ko Kanada ko Saudiyya. Waɗanda suka tsaya a asibitocin Shika da Barnawa ta Kaduna da Dawanau ta Kano da Kware ta Sakkwato, su ne ke duba layin da ba ya ƙarewa da safe, su koyar da ɗalibai da rana. Magada ne na Thomas Adeoye Lambo, wanda tun 1954 ya ƙi yarda a killace marasa lafiya bayan katanga a Aro ta Abeokuta, ya saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Duniya ta zo ta koyi wannan tsari a wurinsa, shi kuma ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

To, amma da sauran rina a kaba.

Zaman da ɗalibi ke yi a wannan sashe 'yan makonni ne a cikin karatun shekara shida. Abin da aka yi shekara ashirin ana dasawa a gida da makarantar allo da bakin kasuwa, makonni ba sa tuge shi har saiwa. A Sagamu an taɓa gwada ɗaliban ajin ƙarshe, aka wallafa sakamakon a 2008. An raba su biyu, aka ba kowane rukuni labarin mutum ɗaya mai halin yau da kullum, sai dai a takardar rukuni guda an ƙara cewa likita ya ce yana da taɓin hankali. Wannan kalma kaɗai ta sa suka ja baya da shi. Wani binciken da aka yi a kan likitocin da suka riga suka fara aiki a yammacin ƙasar nan, a 2007, ya samu da yawansu har yanzu suna ɗora ciwon a kan sihiri da iskoki, suna kuma gudun kusantar mai shi. Ɗalibi na iya amsa tambayar jarrabawa daidai, ya jero alamomin ciwo da sunayen magunguna, ya samu maki, sannan ranar da aka ce masa yarinyar da ƙanensa ke nema an taɓa kwantar da uwarta a Barnawa, shi ne na farko da zai ce a fasa. Mu Hausawa mun san binciken aure. Mun san yadda "akwai taɓuwa a gidansu" ke kashe maganar da an riga an kai kuɗin gaisuwa. A irin wannan zama ne dangi ke juyowa su dubi ɗansu likita, kuma abin da ya faɗa shi za a ɗauka. Wannan jarrabawa ta fi ta makaranta wuya, ba kuma wanda zai ba shi maki a kanta.

Akwai kuma harshe. Kalmar "mahaukaci" tana da sauƙin fita, har a bakin ma'aikacin asibiti idan aiki ya yi yawa. Dangin da suka sayar da buhun waken suya suka yi kuɗin mota, idan suka ji ta daga bakin mai farar riga, ba za su sake dawowa ba.

Mafi yawan waɗannan ɗalibai ba za su zama likitocin ƙwaƙwalwa ba, kuma ba na ganin laifinsu. Ƙasar na buƙatar masu fiɗa da likitocin yara da na mata. Sai dai bayan sanin makamar aiki da bautar ƙasa, da yawansu a babban asibitin Funtuwa za su sami kansu, ko na Malumfashi, ko na Ƙanƙara. Can ne aikin yake. Mutumin ƙauye ba ya zuwa ya ce yana da ciwon damuwa. Cewa zai yi kansa na yi masa nauyi kamar an ɗora dutse, ko wani abu na bin jikinsa kamar kiyashi, ko gabansa na faɗuwa ba dalili, ko abinci ya fita ransa, ko idan ya farka tsakar dare sai asuba. Kafin ya zo ya riga ya bi shagunan magani, ya sha na maleriya sau uku, na taifot sau biyu, an ɗaura masa ruwa. Idan likita ya sake rubuta masa irinsu don layi ya ragu, makonnin da ya yi a gaban malaminsa sun tashi a banza. Tambaya biyu ko uku ce ke buɗe ƙofar: yaya barci, me ya faru a gida a 'yan watannin nan, ko rayuwar ta taɓa isarka har ka ji gara a ce ba ka. Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi a bakin Bahaushe Musulmi, na sani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma likitoci sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi.

Kuma yankinmu yanzu ba irin na da ba ne. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun yi shekaru suna kwana da kunne ɗaya. A Disambar 2020 aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su, amma wa ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya ya ji abin da suke gani idan sun rufe ido? A Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Akwai matan da aka karɓo bayan an biya kuɗin fansa, suka dawo ba sa magana. Akwai magidantan da suka bar gona da rumbu suka koma zaman haya a Funtuwa, suna zabura idan babur ya wuce da dare. Duk waɗannan za su zo asibiti, kuma da ciwon kai za su zo. Ga kuma samarin da ke haɗiyar tiramadol don su yi noman ƙwadago tun safe har la'asar ba su ji gajiya ba, da waɗanda suka saba da kodin kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Idan irin wannan yaro ya birkice, likita na iya kallonsa a matsayin ɗan iska da ya jawo wa kansa, ko ya kalle shi a matsayin mara lafiya. Na biyun aka koya masa.

Ba a bar shi hannu rabbana ba. Tun 1991 Najeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, ko da yake a takarda abin ya fi zama. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora na musamman don likitan da ba ƙwararre ba da nas da malamin asibitin ƙauye, mai nuna yadda za a gane damuwa da taɓuwa da farfaɗiya da shaye-shaye, da abin da za a bayar, da lokacin da za a tura gaba. Magungunan tushe tsofaffi ne masu arha. Ɗaya daga cikinsu tun 1952 aka fara amfani da shi a Faransa. Akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ba ya iya riƙe shan ƙwaya kullum. Abin da ke ɓata aikin sau da yawa rashin bayani ne. Wasu daga cikin magungunan nan suna sandarar da jiki, su karkatar da wuya, su sa dalalar da yawu. Dangin da ba a gaya musu ba, da sun ga haka sai su ce iskar ce ta dawo da ƙarfi, ko maganin Bature ya ƙara ɓata shi, su zubar da sauran su koma gidan jiya. Minti biyar na bayani da Hausar da tsohuwa za ta gane ya isa ya hana wannan.

Game da malamai da masu magani, ina roƙon 'ya'yanmu kada karatu ya sa su raina inda mutane ke fara zuwa. Baturen nan Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi tun wajen 1969 yana nazarin yadda muke jinya, ya lura cewa mutanenmu ba su cika matsawa sai sun san asalin ciwo da sunansa ba. Sauƙi suke nema, duk inda aka ce akwai shi za su je. Wanda ya je wurin malam yau zai je asibiti gobe, ba ya ganin saɓani. Likitan da ya ce wa uba ya zaɓa tsakanin rubutu da ƙwaya, ya riga ya rasa mara lafiyan. Wanda ya ce a haɗa, a ci gaba da tofi a kuma sha magani, zai same shi. Amma akwai inda ba a sassauci: mari, da bulala, da horon yunwa. Kowa ya tuna abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane da tabon sarƙa a ƙafafunsu. Dokar da muka gada daga Turawa, ta 1916 da aka sabunta a 1958, tsarewa kawai ta sani. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi, ta hana a nuna masa wariya ko a azabtar da shi. Mutumin Tsiga ko na Dabai bai taɓa jin labarinta ba. A bakin likitan garinsu zai ji, in har likitan ya karanta ta.

Ga makarantun kuma ina da magana ɗaya, kuma tarihinmu ne ya ba ni ita. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon likita a 1967, kuma shekaru da dama asibitin Malumfashi yana cikin asibitocinta na koyarwa tare da na Zariya da na Kaduna. Ɗalibai kan zo su zauna, su shiga ƙauyuka. A shekarun 1970 masana daga Libaful ta Ingila sun haɗa hannu da jami'ar suka yi dogon bincike a nan a kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, har sunan Malumfashi ya shiga mujallun likitoci na duniya. Ke nan an taɓa kawo aji ƙauye, an kuma ga amfaninsa. Ɗalibin da ya ga masu taɓin hankali a babban asibiti kawai, mafi tsanani ya gani, waɗanda aka kawo a ɗaure. Bai ga wanda ya warke ya koma kan kekensa na ɗinki ba, bai ga malamar firamaren da ke shan maganinta shekara goma tana koyarwa ba wanda ya sani. Da za a ware ko mako biyu daga cikin makonnin nan a kawo su Malumfashi ko Funtuwa, su bi marasa lafiya har gida, su zauna da ɗaliban ungozoma na Malumfashi su nuna musu alamomin da za su lura da su a jikin mai jego, da sun koma da abin da littafi ba ya bayarwa. Su ma ɗaliban akwai masu ɗauke da irin wannan ciwo a ɓoye, suna tsoron kada a sani a ce ba su cancanci riga ba; malamin da ya jawo wa dattijo kujera, ya jawo musu su ma.

Maƙwabciyar nan tamu tana da ciki na biyu, ana sa ran saukarta da kaka. 'Yar ƙanwata ta ce ciwon yakan dawo a haihuwa ta gaba, kuma ita a lokacin tana can wajen jarrabawar ƙarshe. Kafin ta koma makaranta ta zauna ta rubuta takarda da hannunta, abin da ya faru a haihuwar fari da maganin da aka bayar da alamomin da za a fara gani, ta maƙala a katin awon yarinyar. Ta kuma kira mijin gefe ta ce masa, "Yaya, in ka ga ta yi dare biyu ba barci, kada ka jira na uku." Takardar na nan cikin katin. Ranar Talata za ta koma awo a ƙaramin asibitin unguwarsu, ta miƙa wa duk wanda ta tarar a kan teburi.